Tsofaffin Injinan Feshi da Gishirin Teku: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana a Jos

Tambayoyin nan daga bakin mutane suka fito. Wasu ɗalibai ne masu rubuta furojet, wasu jikokin tsofaffin malaman gona da duba-gari, wasu kuma 'yan gwangwan ne da irin waɗannan kaya ke faɗowa hannunsu a Katako ko Dilimi. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda ke buƙatar dogon bayani.

Wai injin feshi ma kayan tarihi ne? Ba takubba da tukwanen Nok ake ajiyewa ba?

Kayan tarihi ne. Duk wanda ya zaga gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, ya san ba mutum-mutumin Nok kaɗai ke ciki ba. Akwai kawunan jiragen ƙasa na tsohon layin dogon Zariya zuwa Jos, akwai kayan haƙar kuza, akwai littattafan Larabci rubutun hannu. Kayan aiki ma suna da gurbi. Kuma in ana maganar abin da ya shiga ɗakin talaka har ƙuryar gado, famfon filit ya shiga gidajen da takobi bai taɓa leƙawa ba. Da shi aka yaƙi sauro da kuɗin cizo, da yayyensa manya aka yi wa auduga da shanu magani. Abin da ya hana a daraja shi, bai wuce cewa kowa ya san shi ba.

Me ya haɗa feshin magani da feshin ruwan teku har ake ambatonsu tare?

Abu biyu. Na farko harshe ne. Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga feshin da mutum ke yi da famfo da kuma tartsatsin ruwan da igiyar teku ke watsawa in ta doki dutse. Saboda haka in ka rubuta kalmar a rajistar wani babban gidan tarihi ko ma'adanar hotuna a intanet, sai a zubo maka injin feshin inabi, da hoton jirgin yaƙi yana keta igiyar ruwa, da wani kwalekwale da aka raɗa wa wannan suna, duk a shafi ɗaya. Ɗalibai da yawa sun rikice a nan. Maganin abin yana cikin amsar binciken intanet a ƙasa.

Na biyu ya fi muhimmanci. Tsofaffin injinan nan ba a nan aka ƙera su ba. Ta jirgin ruwa suka zo, suka sauka a Apapa ko Fatakwal, suka kwana a sito bakin ruwa, sannan jirgin ƙasa ya hauro da su. Wanda aka fara aiki da shi a gonakin koko na kudu kafin ya iso Arewa ya sha iskar gishiri fiye da haka. Gishirin da ya maƙale a ƙarfe ba ya barinsa don an kawo shi kan tsauni.

Waɗanne irin injinan feshi aka yi a da, kuma wanne ya girmi wanne?

Injin goyo daga gonakin inabin Faransa ya samo asali. A farkon shekarun 1880 wani masanin tsirrai, Millardet, ya gano cewa haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa yana kashe cutar da ke cin ganyen inabi a yankin Bodo. Magani ya samu, sai abin fesa shi. Kafin ƙarshen shekarun, kamfanin Vermorel ya fito da injinsa na goyo mai suna Éclair, mai tankin jan ƙarfe, domin haɗin yana cinye baƙin ƙarfe. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsofaffin injinan gona suke jan ƙarfe ko tagulla, suke da nauyi, kuma 'yan gwangwan suke son su.

Famfon gida ya biyo baya. Kamfanin man Standard Oil na Amurka ya fito da maganin Flit a 1923, a gwangwani rawaya, da famfon kwano mai ƙaramin tanki a gaba. Sunan ya zauna a bakinmu har yau: a ce "a yi filit a ɗaki" ko da maganin wani kamfani ne daban. Gwangwanin da ake dannawa da yatsa kuwa wani ɗan Norwe, Erik Rotheim, ya yi masa rajista a ƙarshen shekarun 1920, amma sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu, da aka riƙa raba wa sojojin Amurka don sauro.

Sai injin ma'aikatan lafiya, dogon tanki da ake dura wa iska a rataya a kafaɗa, irin na kamfanin Hudson, wanda ya zama alamar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro bayan da Paul Müller ya gano ƙarfin sinadarin DDT wajen kashe ƙwari a 1939. Daga baya aka sami ɗan injin nan mai kama da sanda, mai batir da faifai mai juyawa a kansa, wanda ba ya buƙatar ruwa mai yawa, manoman auduga suka rungume shi a shekarun 1970. Injin goyo na roba, irin su CP15 da kowane manomin tumatir a bakin tafkunan Bukur ya sani, shi ne ɗan auta.

Ta yaya zan gane shekarun wanda ke hannuna?

Fara da abin da aka yi shi da shi. Jan ƙarfe mai ɗinkin dalma ya girmi farin ƙarfe mara tsatsa, shi kuma ya girmi roba. Duba bakin fistin ɗin famfon: in fata ce, tsoho ne, in roba ce, na baya-baya ne. Duba ma'aunin da ke jikin tanki, galan ne ko lita. Sannan ka nemi hatimin kamfani, yawanci a wani ɗan faranti da aka liƙa, ko a murfi, ko a kan bututu. Haska shi da tocila ta gefe, ba ta gaba ba. Rubutun da ya shafe yakan fito in haske ya kwanta a kansa.

Abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne fentin da aka rubuta da hannu. Kayan gwamnati da na En'e sukan zo da lamba ko haruffan ma'aikata. Da wannan lambar ake iya haɗa injin da wani aiki a fayil. Shi ya sa muke ta jan kunne a kan guga, kamar yadda za ka gani nan gaba.

Na tsinci ɗaya a siton kakanmu. Me zan fara yi?

Kada ka buɗe murfin ka kai hanci. Kada ka dura masa iska don ka ga ko yana aiki. Magungunan wancan zamani, DDT da dieldrin da lindane da aka sayar da sunan Gammalin 20, ba sa lalacewa da wuri, shi ya sa ma Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 da abin da aka ƙara mata daga baya suka hana su ko suka taƙaita su. Wasu injinan da suka girme su an zuba musu magani mai sinadarin asenik, wanda shi ba ya ruɓewa sam. Farin ɓawon da ya bushe a gindin tanki zai iya zama guba har yau.

Sa safar hannu ta roba da takunkumi, fito da shi waje inda iska ke kaɗawa, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe tun kafin ka taɓa komai. In akwai ruwa a ciki, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya. A toshe, a nemi shawarar ma'aikatan muhalli ko na gona. Sa shi a babbar leda mai kauri, a ajiye nesa da yara da hatsi. Mun taɓa ganin gidan da aka yanke tsohon tanki aka mai da shi kwanon ban ruwan kaji. Kada a yi haka.

Bayan wannan, ka je wurin tsohuwar gidan da waya a hannu. Ka ce, "Kaka, wa ke goya wannan? A wace gona? Wace shekara, kafin yaƙin basasa ko bayansa?" Amsarta ta fi ƙarfen daraja, kuma ita ce za a iya rasawa gobe.

In goge shi da toka da lemon tsami ya yi ƙyalli?

A'a. Mai rubuta wannan amsa ya taɓa yin wannan ɓarna da hannunsa. Wani injin goyo ne na jan ƙarfe da na saya a kilo, ya yi baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, da wasu haruffa da lamba da farin fenti a kafaɗarsa. Na kai wa wani mai gyaran rediyeta na ce ya ɗan share min ƙura. Da na dawo da la'asar sai na tarar da shi yana walƙiya kamar tasar amarya, mutumin yana murmushi yana jiran yabo. Ya sa masa ruwan batir da soson ƙarfe. Lambar ta tafi, kuma ban rubuta ta ba. Garin neman gira aka rasa ido. Laifina ne, ni ne ban yi masa bayani ba.

Duhun nan da ke jikin jan ƙarfe kamar fata ne gare shi, yana kare na ciki. Burushi mai laushi, irin na fenti, ya isa ya kawar da ƙura. Kada a shafa baƙin mai ko man ja, suna kama datti. Fatar famfo da maɗaurin kafaɗa a bar su yadda suke ko sun bushe.

Wani koren gari yana fitowa a jikinsa, in na share ya dawo. Mene ne?

Wannan shi ne aikin gishirin da aka ambata a baya. Sai a bambanta kore biyu. Akwai mai santsi, mai duhu, wanda ya manne. Wannan ba ya cutarwa. Akwai kuma mai haske, mai laushi kamar garin kuka, da ke tsirowa ɗigo-ɗigo, in ka kankare ka ga rami a ƙarƙashi. Masu adana kaya suna kiran wannan ciwon tagulla. Sinadarin kulorin da ke cikin gishiri ne ke haɗuwa da jan ƙarfe. In laima da iska suka same shi sai ya haifar da asid, asid ya ci sabon ƙarfe, ya sake samar da abin da ya fara, haka abin zai yi ta zagayawa har tankin ya huje. A baƙin ƙarfe kuwa alamarsa ita ce tsatsa mai gumi, ɗigon ruwa ja-ja da ke tsatsowa, da ɓawo mai ɓallewa.

Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. In igiya ta fashe, ƙananan ɗigo suna bin iska su sauka a kan ƙarfe, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, kullum yana jawo laima. Duk wanda ya ga igwoyin da ke jere a ganuwar Elmina da Cape Coast a Gana ya ga abin da shekaru ke yi da wannan. Masana'antu ma sun mai da abin ma'auni: akwai gwajin da aka tsara tun 1939, a sa ƙarfe a akwati a yi ta fesa masa ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35, a ga sa'o'i nawa zai jure. Ba teku kaɗai ke kawo kulorin ba. Takin zamani da aka jingina injin a kansa, da gumin hannu, duk suna kawowa.

A gida abin da za ka iya shi ne ka hana shi laima. Sa shi a mazubin roba mai murfi da ke rufuwa gam, tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma da yawa. In laimar ta sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100, ciwon yakan lafa. Cire gishirin gaba ɗaya aikin ƙwararru ne.

To ai Jos na da nisa da teku. Ba mu tsira ba?

Mun fi Legas sa'a, wannan gaskiya ne. Muna sama da mita 1,200 daga doron teku, iskarmu ba gishiri, kuma da hunturu ƙarfe yana hutawa. Amma damina a nan doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma a watan Agusta bango kansa yakan yi gumi. Ƙarfen da ya zo da gishirinsa yakan kwanta da rani ya farka da damina. Hunturun kuma da ke yi wa ƙarfe daɗi, shi ke fasa fata da katako da tiyo. Injin feshi ya haɗa duka waɗannan a jiki ɗaya, abin da ya gyara wani sashe ya ɓata wani. Ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bangon waje, ka riƙa leƙa shi a tsakiyar damina.

Ina zan sami takardun gwamnati a kan ayyukan feshi na da?

Kaduna. Ma'adanar Takardu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1954 da ƙoƙarin Farfesa Kenneth Dike, manyan rumbunanta uku ne: Ibadan, Inugu da Kaduna, kuma takardun tsohuwar Jihar Arewa a Kaduna suke. An jera su bisa ofishin da suka fito. Na sakatariyar lardunan Arewa suna ƙarƙashin SNP, na lardinmu JosProf, na Sakkwato SokProf, na Zariya ZarProf. Kada ka je kana neman fayil mai suna injin feshi, da wuya ka samu. Nemi sunan matsalar: sauro, fara, ƙudan tsando, auduga, tsabtar gari, kaska. Injin yana ɓoye a cikin lissafin kuɗi, da takardun odar kaya, da ƙorafin jami'in da ke cewa wosha ta ƙare a tsakiyar aiki. A ganinmu waɗannan ƙorafe-ƙorafen sun fi rahoton shekara faɗin gaskiya.

Tafi da takardar gabatarwa daga makarantarka da fensir, ka ware kwanaki, ba yini ɗaya ba. Gidan Arewa yana nan Kaduna shi ma. Tsofaffin jaridu, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, suna da amfani ta fuskar da fayil ba shi da ita: a nan za ka ga da wace Hausa aka yi wa jama'a bayani. Don auduga kuwa, ɗakin karatun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Malaminmu ya ambaci "Aikin Garki". A Garkin Abuja aka yi?

A'a, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo daga Abuja sai ya yi wannan tambaya. Garkin da ke Jihar Jigawa a yau ake nufi, lokacin tana cikin Jihar Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wannan bincike a kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. An fesa maganin propoxur a bangon ɗakunan ƙauyuka, a wasu kuma aka haɗa da raba magani ga kowa. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina ya dawo. Cikakken rahoton ya fito a 1980, yana nan kyauta a rumbun hukumar na intanet.

Kafin Garki an yi wani gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, daga 1954. Ba a daɗe ba aka gano sauron yankin ya daina jin dieldrin, labarin da ya zaga duniyar masana a daidai lokacin da aka ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya a 1955.

Feshin ƙudan tsando fa?

A nan 'yan Filato ba sai sun yi nisa ba. Vom na nan kusa: cibiyar binciken lafiyar dabbobi tana can tun 1924, kuma cibiyar binciken sammore da ciwon barci, mai hedikwata a Kaduna, tana da reshe a can. Kafin zuwan DDT sare kurmi ake yi, kamar aikin Anchau na shekarun 1930 da ya haifar da garin Takalafiya. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka koma feshi: ayarin leburori da injin a baya suna bin bakin rafi da rani, suna fesa gindin itatuwa da ƙasan rassa inda ƙudan ke hutawa. Da haka aka buɗe wa makiyaya da manoma ƙasa mai faɗin gaske a Arewa, daga baya har da jirgi mai saukar ungulu. Mutanen da suka goyi injinan sunansu bai cika shiga rahoto ba. In akwai ɗaya da ya rage a unguwarku, shi ne ma'adanar da ta fi kusa da kai.

Zan iya ganin irin waɗannan kaya a intanet ba tare da na yi tafiya ba?

Za ka iya. Gidan tarihin kimiyya na Landan, da gidan tarihin rayuwar karkara na Jami'ar Reading a Ingila, da Smithsonian a Amurka, duk sun sa rajistar kayansu a fili. Cibiyar Wellcome a Landan ta fi ƙarfi a hotuna da fastocin kiwon lafiya. Takardun Ofishin Mulkin Mallaka suna ma'adanar takardun Birtaniya da ke Kew, a Landan. Na teku zalla kuwa, gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich. Don kada a cika maka shafi da igiyar ruwa, kada ka nemi kalmar feshi ita kaɗai. Haɗa ta da sunan kamfani, ko na magani, ko na ƙwaro. In ka sami mai kama da naka, rubuta lambar rajistarsa, ba hoton kaɗai ba. Ka tuna kuma abin da kowane gidan tarihi ke bajewa kaɗan ne daga abin da ke sitonsa, har da namu na nan. A rubuce ake neman izinin ganin rajista.

Gaskiya ne gidajen tarihi da kansu suna feshi?

Suna yi, iri biyu. Akwai na ceto. Katakon da ya daɗe cikin ruwa in ya bushe da gaggawa sai ya tsage ya shanye. Jirgin Vasa na Suwidin, da ya nutse a 1628 aka ɗago shi a 1961, shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki don ya maye gurbin ruwan. Mary Rose na Ingila ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, ba a kashe famfunan feshinsa ba sai 2013. Mu ma mun san irin wannan damuwa a kan kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, ba a ɗago shi ba sai 1998. Shi dai bai sha gishirin teku ba.

Akwai kuma na gado mara daɗi. A da, gidajen tarihi a ko'ina cikin duniya sun riƙa barbaɗa wa fatu da tufafi da sassaƙa asenik da DDT don gara da asu. Safar hannun da ka ga ma'aikaci ya sa, kayan take karewa, shi ma tana kare shi.

In sayar, in bayar, ko in riƙe?

Ɗan gwangwan kilo zai auna ya biya ka kuɗin jan ƙarfe, daga nan sai tukunyar narkarwa. In kana son bayarwa, rubuta wa mai kula da gidan tarihin Jos, ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, mai hedikwata a Abuja, ka haɗa da hotuna da labarin da ka samo daga Kaka. Ka faɗa musu a fili cewa an taɓa zuba magani a ciki. Ba dole ne su karɓa ba, wuri yana musu kaɗan. In sun karɓa, ka nemi takardar shaida mai lamba. In wani baƙo ya ce zai saya ya fita da shi ƙasar waje, a fara tuntuɓar hukumar, ita ke ba da izinin fitar da kayan tarihi.

Wanda ya zaɓi ya riƙe nasa, ya rubuta a kati da fensir: sunan mai shi, garin, aikin da aka yi da shi, shekarun, da wanda ya ba da labarin. A ɗaura katin da zaren auduga a hannun famfon, ba da waya ba, waya tana tsatsa ta ci jikin tankin.